Kanwa Ta Kar Tsami

Kifi dubu uku ne suka mutu yini guda a kwamin Inna Mai Kifi, kuma kafin rana ta faɗi unguwa ta riga ta yanke hukunci.

Da la'asar Inna ta dawo daga asibiti, inda take zuwa awon hawan jini, ta tarar da tarwaɗarta sun yi rigingine, fararen cikkunansu sun rufe ruwa kamar an shanya wanki. Ihun da ta kurma ya tara jama'a. Wani ya leƙa bayan kwami ya ɗago wata baƙar jarka, ba komai a cikinta, amma a jikinta an rubuta lambar shagon Mai Batir da farin fenti. Ba wanda ya tsaya tambaya. Mai Batir baƙo ne, shekararsa huɗu kacal a unguwar, kuma kowa ya san sun taɓa cacar baki da Inna a kan ruwan kwami da ke malalowa ta ƙofar shagonsa. Aka same shi a durƙushe yana ɗaure kan batir, aka rufe shi da duka. Da ƙyar wani direban motar kaya ya ƙwace shi ya kai shi asibiti, muƙamuƙi a karye.

Sai da gari ya waye Mai Unguwa ya tuna akwai Mai Sawu.

Mai Sawu ya haura sittin. A da shanun sata yake bi, yini biyu yini uku a daji, daga baya ya koma bin babura. Yanzu kwalta da siminti sun cinye masa sana'a, gwiwa kuma ta cinye saura. Da don wani ne aka kira shi da ya ce ba ya jin daɗi. Amma marigayi mijin Inna amininsa ne tun suna samari, don haka ya ɗauki sandarsa ya fito.

Ya tsaya a bakin ƙofar gidan kifin ya dubi ƙasa. Ƙafar mutum ɗari ta tattake wurin.

"Kun kira ni in karanta wasiƙa bayan akuya ta tauna ta," in ji shi.

"Ai mun san mai laifin, Baba," Mai Unguwa ya ce. "So nake kawai ka tabbatar, saboda hukuma."

Inna na zaune a kan juyayyen bokiti, ido ya kumbura. Shekara tara ke nan wannan kwami ke ciyar da gidanta. A bayanta ɗanta ɗaya tilo na tsaye, hannu cikin aljihu. Digiri ake kiransa, rabi girmamawa rabi ba'a, don shekara bakwai ke nan da gama jami'a bai sami aiki ba, sai ya koma taya uwarsa kiwon kifi.

"Ɗana, ina kake jiya da rana?" Mai Sawu ya tambaye shi.

"Na je cike takardar neman aiki, Baba. Da na dawo na tarar da mutane."

"Tun jiya ko ruwa bai sha ba," Inna ta ce. "Shi ya fi ni jin ciwon abin."

Mai Sawu ya ga an fara kwance famfon da za a zubar da ruwan kwamin. Ya ce a dakata, ya nemi kwalba ya cika, ya toshe ya sa a aljihu. Shi kansa bai san me zai yi da ita ba. Tsohuwar ɗabi'a ce: abin da za a zubar, ɗebi kaɗan.

Bayan kwamin akwai wani siririn lungu, tsakanin bangon siminti da rumfar wata mai yin sabulu. A nan aka tsinci jarkar. Wurin matsattse ne, jama'a ba su shiga ba, ƙasar kuma na da danshi saboda yoyo. Ya durƙusa da ƙyar. Sawu uku ya gani. Akwai takalmin taya mai jan diddige, akwai ƙaramin silifa na mace, sai kuma takalmin ruwa na Digiri, wanda bai ko kula da shi ba, tunda ɗan gida ne kuma kullum yana bin wurin.

Na Mai Batir ne babu. Mutumin da gefen ƙafa yake takawa tun wani haɗari da ya yi, sawunsa ko yaro zai gane.

"Bai shigo nan ba," ya ce.

Mai Unguwa ya taɓe baki. "Sai ya aiko."

*

Shagon Mai Batir a wangale yake, an kwashe abin da za a kwasa, an farfasa saura. Matarsa na tsintar ƙusoshi da wayoyi tana zubawa a kwano, kamar akwai amfanin da za su yi.

"Sannu, 'yata. Ya mai jiki?" in ji Mai Sawu.

"An ɗaure masa baki da waya. Likita ya ce wata biyu ba magana."

"Jarkar nan taku ce?"

"Tamu ce. Muna da irinta shida, ruwan batir ake kawo masa a ciki. Masu walda na saye, masu wankin tayil na saye. Shekaranjiya ya ce mini wani ya ɗauki guda zai dawo da jarkar. Ban tambayi ko wane ne ba. Ina ruwana da cinikin shago?" Ta ɗago ta dube shi. "Da bakinsa zai faɗa, Baba. Bakin suka fara nema."

Ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya faɗa kan ƙasar ƙofar shagon, wadda baƙin mai ya jiƙa shekara da shekaru. Ba da niyya ya karanta ba, ido ne ya saba. Mutum bakwai ne suka kewaye wuri guda. Ya san biyar daga cikinsu. Ɗaya takalmi ne mai tsada, mai zanen tauraro a diddige, irin na ƙanen Mai Unguwa.

*

Takalmin taya na tsohon maigadin Inna ne, wanda ta sallama makon jiya saboda barci. Mai Sawu ya same shi a tashar mota yana dako.

"Na je, ba zan yi ƙarya ba," maigadin ya ce. "Butata da tabarmata na manta a lungun. Jiya da hantsi na ɗauko, kifi na wasa lafiya lau. Daga nan har magariba ina nan, tambayi shugaban tasha. Haushi kam na ji. Amma in kashe kifi? Ni da nake musu magana in barci ya ƙi zuwa?"

"Wa ka bari a gidan?"

"Digiri. Yana ta tsoma wata 'yar takarda a ruwa yana duba, ko gaisuwata bai amsa ba. Ka san 'yan boko."

Shugaban tasha ya tabbatar da zancensa. Wannan hanya ta toshe.

Mai Sabulu kuwa, mai ƙaramin silifan nan, tun kafin ya yi sallama ta fara rantsuwa. Mace ce mai jiki da murya, hannayenta duk tabon ƙuna.

"Ni ma an yi mini sata, amma tsoro ya hana ni faɗa! Rabin buhun soda, wadda nake dafa sabulu da ita. Jiya da safe na bi ta lungu na rufe rumfa na tafi kasuwa, na dawo na ga an ɓalle langa-langa ta baya. In na buɗe baki yanzu, cewa za a yi ni na zuba. Ka ga abin da suka yi wa bawan Allahn nan."

"Soda na kashe kifi?"

"Baba, soda na cin naman mutum, balle kifi."

Bai kai bakin titi ba labarin ya riga shi. Masu shayi har sun fara cewa dama Mai Sabulu ta daɗe tana son filin kwamin. Mai Sawu na jin su ya wuce. Jiya ruwan batir, yau soda, unguwa kuma ta ɗanɗana duka ta ji daɗinsa. In bai yi sauri ba, gobe wata za a kai asibiti.

*

'Yarsa ta fari malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Ya same ta bayan an tashi, a ɗakin gwaji mai fasassun tagogi, inda rabin kwalaben kan kanta ba komai a cikinsu sai ƙura. Ya ajiye kwalbarsa a tebur.

"Malama, yau ni ne ɗalibi. Mutum na bar sawu, dabba na bari. Abin da ya narke a ruwa fa?"

"Shi ma yana bari, Baba. Zauna, gwiwar nan."

Ta ciro wata siririyar takarda. "Ruwan batir asid ne, dangin tsami. In yana ciki, takardar nan za ta yi ja. Soda dangin kanwa ce, in ita ce za ta yi shuɗi. Yanzu za mu san wanda aka zuba."

Ta tsoma. Takardar ta fito kore.

Ta yamutsa fuska, ta sake da wata. Kore.

"Me kore ke nufi?"

"Ba tsami ba kanwa. Kamar ruwan sha."

"To ashe ba a zuba komai ba? Ciwo ne ya kashe su, aka karya mutum a banza?"

"Dakata tukuna."

Ta jawo wani katako mai batir da ɗan ƙwan fitila, da wayoyi biyu da ba su haɗu ba. Ta tsoma bakin wayoyin a ruwan famfo, ƙwan ya yi ɗan ja kamar garwashin da ke mutuwa. Ta tsoma su a ruwan kwami, sai ya haska sosai.

"Ka gani? Zallan ruwa ba ya ɗaukar wuta sosai. Amma gishiri in ya narke ba ɓacewa yake ba, rabuwa yake gida biyu, ƙananan ƙwayoyi masu caji, kowanne na yawo shi kaɗai. Su ne ke ɗaukar wutar daga waya zuwa waya. Ruwan nan cike yake da su."

Ta zuba kaɗan a cokali ta ɗora a wuta har ya ƙafe. Farin gari ya kwanta a cokalin. Sannan ta ɗiga wani magani a sauran ruwan, nan take ya yi fari kamar madara. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan farin shaidar ruwan batir ce. An zuba shi, Baba, da yawa. Amma tsaminsa ya tafi, kuma tsami ba ya tafiya don kansa. Ka san abin da ake cewa, kanwa ta kar tsami. In asid ya haɗu da soda, abin da ke sa wannan tsami da abin da ke sa waccan ci sai su haɗu su zama ruwa. Abin da ya rage daga kowane ɓangare shi ne gishirin nan. Duka biyun aka zuba."

"Don a tabbatar sun mutu?"

"A'a. Mai son kisa ɗaya ya ishe shi. Kuma dubi koren nan. Ba a samunsa da ka. Sai mutum na zubawa kaɗan-kaɗan, yana aunawa, yana ƙarawa. Wanda ya yi wannan ya yi karatu." Sannan ta ce a hankali, "Ba kashe su yake yi ba a lokacin. Ceto yake nema."

Maganar maigadi ce ta dawo wa Mai Sawu, mutum na tsoma 'yar takarda a ruwa. Ya miƙe.

"Baba, lafiya?"

"Ina ma ban zo ba," ya ce.

Ya koma lungun kafin rana ta yi sanyi, ya durƙusa a kan sawun da ya raina da safe. Takalmin ruwan ya bi wurin iri biyu. Na farko taku ne na natsuwa, ƙafar dama ta fi nutsewa, mutum ɗauke da jarka. Na biyu kan yatsu ne kawai, taku mai nisa, mutum a guje zuwa bayan rumfar sabulu, ya je ya dawo har sau uku. A wuri ɗaya ya zame ya dafa ƙasa, ga shatar tafin hannunsa.

Shekara arba'in yana wannan aiki, bai taɓa ganin tsoro ya fito a ƙasa ƙarara haka ba.

*

Washegari da hantsi aka taru a ofishin Mai Unguwa, ɗaki mai benci uku da fankar da ba ta juyawa. Ga Inna da ɗanta, ga maigadi, ga Mai Sabulu tana share zufa. Matar Mai Batir ba ta zo ba. Mazan unguwa sun cika ƙofa da taga, ƙanen Mai Unguwa a gaba.

Mai Sawu ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla. Ya wanke maigadi, ya wanke Mai Sabulu. Ya ce Mai Batir bai taka lungun ba. Sannan ya ba da labarin koriyar takarda da ƙwan fitila, yadda 'yarsa ta bayyana masa.

"Maƙiyi ba ya zuba guba ya dawo da magani," ya ce. "Wanda ya yi wannan yana son kifin nan." Ya juya wajen Digiri. "Ɗana, kwana biyu ke nan ban ga hannunka ba. Fito da shi."

Digiri bai motsa ba.

"Wane irin zance ne wannan?" Inna ta miƙe. "Kai da ka yi masa huɗuba ranar da aka haife shi?"

"Shi ya sa nake roƙonsa, ban sa a kama shi ba."

A hankali Digiri ya zaro hannayensa. An naɗe su da tsumma, tsumman ya manne. Inda ya zame, fatar yatsun ta saɓule, jajir.

"Da hannu na riƙa ɗibar sodar," ya ce, muryarsa kamar ta wani. "Ba lokacin neman cokali."

Shi kuwa da ya fara sai ya kasa tsayawa. Ruwan sabuwar rijiyar burtsatse ya cika kanwa, kifin sun rage cin abinci, suna ta hawowa sama. Ya auna, ya yi lissafi, ya ga ɗan asid zai daidaita shi. Ya so ranar da Inna za ta dawo daga asibiti ta tarar kifi na rububin abinci, ya ce mata aikinsa ne.

"Na zuba kofi ɗaya, takarda ba ta canza ba. Na ƙara, ba ta canza ba. Irin ruwan nan shanye asid yake yi shiru, har sai ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Na san haka, Inna. Na rubuta shi a jarrabawa, na ci. Amma haushi ya kama ni na tuntsura jarkar. Kafin in ƙifta ido takarda ta yi ja, kifi na tsalle suna bugun bango." Ya dubi uwarsa. "Na gyara ruwan. Wallahi na gyara shi daidai. Sai dai ba wanda ya rage ya sha."

"Da aka tafi wurin Mai Batir fa?" Mai Sawu ya tambaya. "Kana ina?"

"Ina tsaye a ƙofa. Na ga sun tafi." Ya dubi hannayensa. "Shekara bakwai ana ce mini Digiri. Na kasa buɗe baki a ƙara da wanda ya kashe kifin uwarsa."

Inna ta koma ta zauna. Ba ta yi kuka ba, ba ta dube shi ba. Bakin zanenta kawai take murzawa.

Mai Unguwa ya yi gyaran murya, har da alamar sauƙi a fuskarsa. "To, alhamdu lillahi. Ashe tsautsayi ne, kuma abin gida ne. Uwa ba za ta kai ɗanta ƙara ba. Magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba, ranka ya daɗe. Akwai sawu bakwai a ƙofar shagon Mai Batir. Biyar na san masu su, kuma huɗu na jin muryata yanzu."

Aka fara sulalewa daga taga. Ƙanen Mai Unguwa bai gusa ba, murmushi ma ya yi.

"Baba," Mai Unguwa ya ce da taushin murya, "kifi aka kira ka ka bi. Ka bi, mun gode. Wancan ɓacin rai ne na jama'a, ba a san hannun kowa ba. A bar wa Allah."

"Zan faɗa wa hukuma."

"Faɗa musu. Ɗazu na sa an share ƙofar shagon an yayyafa ruwa, saboda kwalabe kada su yanki yara."

Mai Sawu ya dubi fuskokin da suka rage, mutanen da ya nemo wa shanu da babura, waɗanda ya je sunan 'ya'yansu. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa ko a rufi.

*

Ya tarar da matar Mai Batir tana ɗaure katifa a kan amalanke. Tukwane da buhun tufafi na ƙasa, 'ya'yanta mata biyu na zaune a kan akwati. Mai gidan haya ya ce su tashi, ba ya son fitina.

"'Yata, na zo in gaya miki da bakina. An gano gaskiya. Mijinki ba shi da laifi, kowa ya ji."

Ta ci gaba da jan igiya. "Waɗanda suka dake shi fa?"

Ya dubi ƙasa.

"Kayan shagon fa?"

Bai ɗago ba.

"Jiya likita ya ce idon hagu ba zai dawo ba," ta ce. Ta ƙulle igiyar, ta gwada ta da hannu, sannan ta juyo. Babu fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. "Ka wahala, Baba, ga tsufa ga ciwon ƙafa. Allah ya saka. Amma dama ni na san ba shi da laifi. Wani abin na ɗauka ka kawo."

Ta ɗora ƙaramar 'yar a kan katifa, ta kama hannun babbar, ta ce wa mai amalanke su tafi. Mai Sawu ya tsaya a gefen titi har suka sha kwana. Ba wanda ya fito yi musu sallama.